Nazarin al'amuran mata a jami'a: ina tambayar take fitowa, ina amsar take komawa?

A daminar bara 'yar wana, wadda ke ajin ƙarshe a jami'a, ta roƙe ni in raka ta cikin gari ta cike takardun tambayoyi na kundin kammala digirinta. Aikinta a kan sana'o'in matan aure ne. Muka shiga wani gida a wani lungu na Yakasai a birnin Kano, muka tarar da uwargida ta ɗora kasko a tsakar gida tana tsame awara, yara uku na tsaye da kuɗi a hannu, ga wata yarinya da faranti tana jira a ƙirga mata ta talla. Bayan an gaisa an tambayi mutan gida, ɗalibar ta buɗe takarda ta karanto tambayar farko: "Inna, wane aiki kike yi?" Matar ta goge hannu da gefen zane ta ce, "Ni? Ai ba na aikin komai, 'yar nan. Zaman gida nake."

Har ta ɗora biro a gurbin da aka ware wa marasa aikin yi, na riƙe hannunta. Ta ce, "Gwaggo, ai ita ta faɗa da bakinta." Na ce ta sake tambaya ta wata hanya: kwano nawa na waken suya take jiƙawa a rana? Nan fa bakin Inna ya buɗe. Ta lissafa kuɗin wake, da na niƙa, da gawayi, da mai, ba ta duba takarda ba. Tana zubin adashi biyu, na kullum da na mako. Da kaskon nan ta yi wa 'ya'yanta mata biyu kayan ɗaki. Shekarar da maigidan ya kwanta jinya wata huɗu, kaskon ne ya riƙe gidan.

Wanda ya gane abin da ya faru a tsakar gidan nan ya gane dalilin da ya sa jami'o'i suke ware fage don nazarin mata, ya kuma gane inda fagen yake tuntuɓe. Matar ba ƙarya ta yi ba. A wurinta aiki shi ne wanda ake fita da safe a karɓi albashi a ƙarshen wata. Takardar ma da wannan tunanin aka tsara ta. Idan aka tara irin wannan amsa dubu goma aka kai wa masu tsara kasafin kuɗi, za su ce matan Kano ba sa samar da komai, su yi tsarinsu a kan haka.

Kalmar da ke ta da ƙura ita ce jinsi. A Hausa ma'anarta iri: jinsin mutane, jinsin dabbobi, a nahawu kuma jinsin namiji da na tamata. Masana zamantakewa sun are ta ne don su raba abu biyu. Akwai abin da Allah Ya halicci mutum da shi, mace ke ɗaukar ciki ta haihu ta shayar, kuma babu jami'ar da za ta sauya wannan. Akwai kuma rabon ayyuka da iko da dukiya da kowace al'umma ta tsara wa kanta. A Kano maigida ke zuwa cefane, maza ne suka cika Kurmi da Kwari da Singa. A Ibadan kasuwa ta mata ce. A karofin Ƙofar Mata maza ke rini, a Abeokuta rinin adire sana'ar mata ce kaka da kakanni. 'Yan garuwa da masu wanki da guga a birnin nan maza ne, alhali a garuruwa da yawa ɗiban ruwa da wanki ba namijin da zai taɓa. Da halitta ce ta raba waɗannan ayyuka, da ba su bambanta daga gari zuwa gari ba. To mai nazarin jinsi wannan rabon yake bi: wa ke yin me, wa ya mallaki me, wa ke yanke shawara, in asara ta zo a kan wa take sauka. Shi ya sa maza ma suna ciki. Saurayin da lefe da kuɗin haya suka hana aure har ya haura talatin yana zaman majalisa, shi ma abin nazari ne a wannan fage.

Ban ga laifin wanda gabansa ke faɗuwa in ya ji kalmar ba. A Turai da Amurka ta yi nisan kiwo, ta haɗa da batun sauya halitta da auren jinsi ɗaya, abin da addininmu ya haramta, dokar Najeriya ma ta haramta tun Janairun 2014. Kowa ya tuna hayaniyar da aka yi a tsakiyar 2024 kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai, wasu suka yi zargin ta ƙunshi batun auren jinsi ɗaya. A Maris ɗin 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin daidaita dama tsakanin maza da mata, kuma batun gado na cikin abin da 'yan majalisa suka kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Amma ina ɗora rabin laifin a kan malaman fagen. Sun daɗe suna magana da junansu a ɗakunan taro da Turanci, ba su fito rediyo sun faɗa da Hausa tsantsa abin da suke nufi da abin da ba sa nufi ba. Inda aka bar giɓi, jita-jita ce ke cike shi.

Tambayar kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta naɗa jajoji, ta ba su malfa, su koma ƙauyuka suna karantar da mata da waƙoƙin da ta tsara. Abin da ya fi burge ni a aikinta shi ne harshe. Ta iya Larabci, ta rubuta da shi, amma abin da take so ya isa ga mace mai daka a ƙauye da Hausa da Fulatanci ta sa shi. A 1956 Malam Isa Wali, ɗan birnin nan, ya yi rubuce-rubuce a jarida kan haƙiƙanin matsayin mata a Musulunci, aka yi ta cece-kuce. Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba sun sha wuya kan 'yancin mata na jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai 1976. Gidan Malam Aminu da ke Gwammaja, Mambayya, yau cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

Binciken zamani irin na jami'a kuwa, gaskiya baƙi ne suka fara shi, kuma yawancinsu mata, domin su ke iya wuce zaure. Mary Smith ta zauna da wata dattijuwa, Baba ta Karo, ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954. Polly Hill, wadda ta yi aiki a Batagarawa sannan a Ɗorayi, ta kira cinikin matan kulle ɓoyayyen ciniki, ta nuna cewa gidaje kasuwa ce mai zaman kanta. A shekarun 1970 Enid Schildkrout ta zauna a cikin birnin Kano ta bi yara masu talla, ta nuna cewa yaro shi ne ƙafar matar kulle: shi ke sayo mata kaya, shi ke kai haja, shi ke karɓo bashi, shi ke kawo labari.

Wannan binciken na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yau ba mu gama cin moriyarsa ba. An fara shirin ilimin firamare kyauta na ƙasa a 1976, Kano kuma ta sake ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, amma har gobe in ka tsaya a bakin titi da hantsi za ka ga 'yan mata da farantai. Wanda bai yi nazari ba zai ce iyaye ne ba su san darajar boko ba, sai a ƙara wayar da kai. Wanda ya shiga gida ya zauna ya san cewa in ka ɗauke yarinyar daga talla ka kai ta aji, ka yanke wa uwar hanyar kasuwa, kuma daga ribar tallan ne ake tara kayan ɗakin yarinyar. Uwa tana lissafi ne, lissafinta kuma daidai ne a ma'aunin halin da take ciki. Duk shirin da bai amsa mata tambayar wa zai kai hajarta, kuma da me za ta fitar da 'yarta kunya ranar kai amarya ba, wa'azi ne kawai.

Daga baya 'yan gida suka karɓa. A 1982 aka yi taro a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wanda ya haifar da ƙungiyar Mata a Najeriya, wato WIN, masu kallon matsalar mata ta fuskar talauci da danniya. A 1985 aka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, a Minna, masu cewa haƙƙin da mace ke nema yana cikin Alƙur'ani da Sunna, aiki da shi ne ba a yi. Waɗannan koguna biyu har yanzu su ke gudana a azuzuwanmu, wani lokaci su haɗu, wani lokaci su rabu. Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da Cibiyar Nazarin Jinsi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabance ta, Suwaiba Sa'id Ahmad, ta zama ƙaramar ministar ilimi a 2024. Sai dai aikin ya fi ƙarfin cibiya ɗaya. Yana sashen shari'a inda ake karanta aure da saki da gado, yana sashen Hausa inda ake nazarin waƙoƙin daka da na amada da littattafan marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu, yana sashen tarihi, yana tsangayar likitanci.

A can tsangayar likitancin ne na fi ganin amfanin da ba mai musunsa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin sanadi. Shekara da shekaru da ido ake auna jinin. Ma'aikaciyar jinya ta duba zane ta duba ƙasa ta ce bai yi yawa ba, kafin a ankara mace ta galabaita. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Dabarar ba ta da wani tsada. Leda ce ake shimfiɗa wa mai haihuwa, mai aljihu a ƙasa da layukan awo, jinin ya taru a ciki kowa ya ga inda ya kai. Da ya taɓa layin hatsari, ba a tsayawa gwada magani ɗaya a jira a ga ko zai yi. A lokaci guda ake murza mahaifa, a yi allurar da ke tsuke ta, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani da abin da yake jawowa ya ragu da kashi 60 cikin ɗari.

Wani zai ce ai wannan likitanci ne, ina ruwansa da jinsi? Ledar tana aiki ne ga wadda ta iso asibiti. Masana sun daɗe da raba jinkirin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a tsakar gida yake faruwa. Maigida ya tafi fatauci, wayarsa ba ta shiga, babu wanda ke da ikon cewa a tafi. Ko ikon yana nan kuɗin mota babu. Ko uwar miji ta ce su da suka haifi goma a ɗaki me ya same su. Likita ba shi da allurar wannan. Sai wanda ya san yadda iko da kuɗi suke tafiya a cikin gidan Bahaushe, da malamin da zai hau mumbari ya faɗa wa maza su bar izini da guzuri tun cikin na wata bakwai.

Ga wani misalin da nake so masu zargin fagen da raina al'ada su ji. Tun shekarun 1970, bayan binciken da aka yi a Zariya, an ɗora laifin ciwon zuciyar da ke kama masu jego a kan wankan jego da kunun kanwa, aka yi ta koyar da haka. Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci tattara bayanan masu ciwon daga asibitoci da dama a ƙasar nan. Da aka tace, abubuwan da suka fito fili su ne rashin karatu, rashin abin yi, rama, da hawan jinin masu ciki. Wankan da kunun ba su tsaya da ƙafarsu a matsayin sanadi ba. Wannan ba izini ba ne ga mai jego ta yi ta ɗirkar kanwa, likitanta ya fi ni sanin jikinta. Abin lura shi ne bincike na ƙwarai ba ya zuwa da hukuncinsa a aljihu. A nan ya sassauta wa al'ada, ya nuna talauci da jahilci da yatsa.

A fagen aure kuwa hayaniya ta fi ƙididdiga yawa. Kowa na cewa Kano ce kan gaba a mutuwar aure, amma mafi yawan aurenmu a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi ba rajista, saki kuma a 'yar takarda ko a baki. Da me aka auna? A 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa, ta shirya fito da zawarawa kan titi, Hisbah ta hana. A 2012 gwamnati ta fara auren zawarawa, a Oktoban 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da amarensu. Aikin alheri ne, amma ɗalibin digiri na uku ya kamata ya bi sawun waɗannan gidaje shekara biyar ya gaya mana wanne ya ɗore, wanne ya watse, kuma me ya raba su. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya ta da maganar tsara dokar iyali ta Musulunci, malamai da masana na jami'a suka yi aiki a kan daftari, aka yi ta muhawara, bai zama doka a lokacin ba. Daga baya ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan wannan batu, ya kammala a 2024, ya kuma dogara da takardun ƙararrakin kotunan shari'a na Kano. Ko ka yarda da ra'ayinsa ko ba ka yarda ba, hanyar ita ce daidai. Na taɓa zama a bencin wata kotu tun safe har azahar. Ban ji mace ɗaya ta nemi daidai da namiji ba. Ciyarwa suke nema, da kuɗin makarantar yara, da takardar saki ga wadda aka jingine shekara biyu, da tumunin takaba da 'yan uwan miji suka danne. Duk haƙƙoƙi ne da shari'a ta riga ta ba su.

Inda nake da ƙorafi a kan jami'o'inmu shi ne asalin tambaya. Bincike kuɗi yake ci, kuma kaso mai yawa na kuɗin wannan fage daga ƙungiyoyin waje yake zuwa. Ba na cewa mugun nufi gare su, ledar awon jinin nan ma da haɗin gwiwar waje aka gwada ta. Amma mai kuɗi da jerin damuwarsa yake zuwa, bana wannan ake yayi, baɗi wancan, malami kuma yana bin inda tallafi yake. Ta haka ake samun takardar tambayoyi irin ta 'yar wana, wadda aka yanka a wani wuri aka zo ana neman jikin da za ta shiga. Attajiran Kano da ke gina masallatai da asibitoci, da za su ware wani abu su ce a bincika mana yadda adashi yake aiki, ko me ke faruwa da gonar da mata suka gada in 'yan uwa maza suka ce a bar ta a haɗe, da tambayoyin sun fi kama da mu. Jami'a ma ta waiwayi kanta. Duk wanda ya ratsa harabar kowace babbar makaranta a garin nan ya ga 'yar raino zaune a gindin bishiya da jariri, tana jiran uwar ta fito daga lacca ta ba shi nono. Wannan ɗalibar abin nazari ce, kuma ɗakin raino take buƙata kafin a rubuta takarda a kanta.

Sai kuma inda amsa take komawa. Malami ba ya samun ƙarin girma sai ya buga a mujallar Turanci da ƙwararru kaɗai ke karantawa. Kundin ɗalibi a yi masa bango mai kauri a jera a kanta. Alhali garin nan cike yake da gidajen rediyo, jami'ar ma tana da nata, ga makarantun Islamiyya na matan aure a kowace unguwa. Me zai hana a wajabta wa duk wanda ya yi bincike a kan matan Kano ya taƙaita shi a shafi biyu na Hausa, ya koma ya karanta wa waɗanda suka ba shi lokacinsu? A nan ne za a gyara masa kuskure, domin su suka san inda ya ji ba daidai ba.

Na matsa wa 'yar wana ta yi haka. Bayan ta kare kundinta muka koma Yakasai da yamma, ta zauna a kan tabarma ta karanta wa Inna da maƙwabtanta huɗu abin da ta samu. Suka gyara mata lissafin gawayi, suka ce ta manta da kuɗin leda da na yaji. Da za mu tashi Inna ta raka mu har zaure, ta ce, "'Yar nan, tunda kun iya bincike, ki tambayo mana. Mu goma sha ɗaya ne masu awara a lungun nan, kowa kwano-kwano take saye da tsada. In muka haɗa kuɗi, wa za mu aika Dawanau ya sayo mana buhu, kuma a ɗakin wa za a ajiye?"